Buta a Ƙofar Coci

Kowace safiya, in Ɗan'azumi magini ya fito daga masallaci, ba gida yake nufa ba. Sai ya bi ta bayan kasuwar ƙauyensu, gefen hanyar Hunkuyi, ya tsaya gaban ɗan cocin 'yan Katolika, ya shafa bangon kamar mai duba lafiyar jakinsa. Yanzu gwiwa ta hana shi hawa soro, amma wannan zagaye bai fasa shi ba.

Shi ya gina ɗakin, wajen lokacin da aka sami 'yancin kai. Masu shi 'yan tireda ne, mutanen Gabas. Fada, limaminsu, yakan zo musu daga Zariya jefi-jefi, sauran ranaku kuma malaminsu Silbesta ke ja musu addu'a. Da rikicin sittin da shida ya ɓarke, suka kwashe suka tafi. Silbesta ya biyo ta wurinsa da kaya a ka, ya ce, "Baba magini, ga ɗakin Allah nan. Kada ka bari ruwa ya ci shi."

Ya ce, "Je ka, Allah ya kiyaye hanya. Na karɓa."

To, ginin ƙasa ina ruwansa da mai shi ya yi tafiya? Ka ƙyale shi ba yaɓe, damina ta mai da shi tsibi. Ɗan'azumi ya riƙa kwaɓa ƙasa shi kaɗai, ya hau ya yaɓe, ya gyara indararo. Maiwada dillalin hatsi ya so ya zuba dawa a ciki, ya ce, "Haba Baba, mutanen nan sun tafi ke nan. Kai da sallarka, me ya haɗa ka da coci?"

"Maiwada, in ka ba ni ajiya ka yi tafiya, addininka zan duba ko ajiyar?"

Wannan magana ta jawo masa, don wasu sun daina kiransa aiki. Ko a jikinsa.

Abin da ke ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi, shi ne bawan Allahn nan bai taɓa ganin ibadarsu ba. Ɗakin addu'a iri ɗaya ya sani, saboda haka ya riƙe cocin yadda ake riƙon masallaci. Ya zuba rairayi mai laushi, ya kafa randa a ƙofa, ya ajiye buta, ba ya shiga da takalmi. Mutum-mutumin Maryamu kuwa, mayafin matarsa Kulu ya karɓo ya lulluɓa masa, wai bai kamata uwar Annabi Isa ta zauna kai a buɗe ba.

Da yaƙin basasa ya ƙare, Fada ya dawo da 'yan tsirarun da suka rage. Ɗan'azumi ya bi fuskoki da kallo, ya ce, "Ina Silbesta?"

Matar Silbesta ta matso, ta ce, "Ya rasu a can, Baba."

Tsohon ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yata. To, ke zan danƙa wa. Ruwa bai ci shi ba."

Fada ya dubi randar, ya dubi butar, ya sunkuya ya cire takalmansa. Sauran ma suka cire nasu.

Kai ne, Ɗan'azumi, kafi mai hana gini faɗuwa. Ka riƙe amanar wanda ba zai dawo ya tambaye ka ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Wanda aka ba ajiyar maƙwabci, ya biyo ta nan ranar Lahadi ya ɗauki darasi. Zai tarar da takalma jere a ƙofar coci, da buta cike da ruwa.