Bugu Biyu na Manoy Teryo

A duk garin Baras babu wanda ya san guguwar teku kamar Manoy Teryo. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma tun da ya ajiye kamun kifi ba shi da wata sana'a sai faɗar hakan. Iliminsa kaf bai wuce magana ɗaya ba: guguwa bugu biyu take yi. Ta buga, idonta, wato tsakiyarta, ya iso a yi tsit, ta juyo ta sake bugawa, shi ke nan. Abin alfaharinsa kuwa, shi ne na farko da ke kwance igiyar rufinsa, don unguwa ta san an tsira.

Da wata gagaruma ta nufo su, ya ɗaure kwanon rufin da igiyar abaka, mai ƙarfin nan ta zaren ganye, kamar kowa, ya danne da tsofaffin tayoyi. Rufin nan 'yarsu Nenita ce ta saya da guminta na aikatau a Manila, matarsa Pacing kuwa ta fi ji da shi a kan Teryon kansa.

Rediyo ya ce wannan guguwar tana sauya katanga: wata sabuwar katangar iska ta kewaye tsohuwar da ke zagaye da idon ta waje, a tsakaninsu iska kan lafa.

"Katanga biyu? Gidan yari ne?" in ji Teryo. "Yaran rediyon nan ko jiƙewa ba su taɓa yi ba."

Iska ta buga, ta lafa, ta sake bugawa, sannan ta yi tsit har shuɗin sama ya leƙo. Teryo ya jawo tsani ya haye rufin, Pacing ta biyo shi waje.

"Kai tsoho, sauko! Rediyo fa ya ce..."

"Rediyon ne mijinki? Biyu dai, Pacing. Ƙirga da yatsunki."

Ashe lafawar farko sararin tsakanin katangun ce, yanzu ne ma idon ya iso. Ya kwance igiyar tsaf, ya naɗe, har da ɗaga wa maƙwabta hannu. Bugu na uku ya yi gaba da rufin ɗungurungum. Na huɗu ya same su a ƙarƙashin tebur, ruwa na zuba musu a ƙeya.

"Huɗu ke nan, maigida," in ji Pacing. "In haɗa da yatsun ƙafa?"

Har yau Teryo yana zama a bakin shago yana rantsuwa cewa guguwa biyu ce ta zo a jere, lissafinsa bai kuskure ba. Mutane na dariya, amma ban da Pacing, don abin ya ƙona mata rai. Nenita, wadda ta riga ta ɗaure kayan dawowa gida gaba ɗaya, ta kwance su, don sai ta sake tara kuɗin wani rufin.