Gardama a Shagon Rediyon Yaya

Muna idar da sallar asuba muka bar Madawa a cikin kamyo, babbar motar dakon albasa, ni da abokan tafiya biyu, 'yan kasuwa da suka san hanyar Kumasi kamar hanyar gonarsu. Ni kuwa ban taɓa wuce Dosso ba. Kuma ba ciniki ya fitar da ni ba, aike ne. Tun bara da gwamnatin Ghana ta sallami baƙi marasa takardu, mutanenmu suka yi ta dawowa da katifu a ka, Inna ba ta ƙara samun kwanciyar hankali ba. Yayana Idi, wanda ya tafi Kumasi tun ina ƙarami, ba ya cikin waɗanda suka dawo. Da daminar nan ta 1970 ta kama, sai ta ce in je in zo mata da shi.

Wanda bai taɓa zama bisa buhun albasa a damina ba, kada ya yi marmari. Kafin mu kai Yamai, rigata, hulata, har gurasar guzurina duk sun zama albasa. A Yamai gadar da ake ginawa ba a gama ta ba, sai jirgin fito ya tsallake da mu. Daga nan muka faɗa ƙasar Gurma, hanya jar laka, kamyo na tafiya yana rangaji kamar tsohuwar raƙuma. Inda duk muka tsaya jandarma zai leƙo, ya duba takardu, ya duba albasa, kuma albasar ta fi ɗaukar masa hankali.

Muna tsallake iyaka wajen Bawku direba ya karkata ya koma hannun hagu. Na riƙe igiya na fara salati, na ɗauka barci ya kwashe shi. Abokan tafiyata suka yi ta dariya. Ashe a Ghana haka ake tuƙi, gadon Ingila ne.

Daga Tamale ƙasa ta fara sauya. Itatuwa na ƙara tsawo, doya jibge a bakin hanya, araha kamar a ba ka kyauta, amma sukari da sabulu sun fi na wajenmu tsada nesa. A Yeji muka jira jirgin da zai tsallake da mu wani ruwa da ban ga ƙarshensa ba. Can na fara cin dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da barkono. Loma ta farko na yamutsa fuska. Kafin jirgi ya iso na ƙara biyu.

Kumasi gari ne kore, bisa tuddai, rufin kwano ko'ina ya yi ja saboda ruwan sama. Na rabu da abokan tafiyata a babbar kasuwa, na shiga ƙaramar motar haya da suke kira tiro-tiro zuwa unguwar Dichemso, inda aka ce mini Yaya yake. Abin da ya ba ni mamaki, kowa na jin Hausa: Mossi, Dagwamba, Zabarmawa, har matan Asante masu sayar da ayaba. Sai dai Hausar ba ruwanta da mace da namiji. Na ji wata na cewa "uwana ya tafi kasuwa", na juya ina neman wanda zai gyara mata, ba wanda ya ko ɗaga kai.

Na iske Yaya a shagonsa na gyaran rediyo, ya duƙa kan wani rediyo da ya farke wa ciki. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba, ya ce in ajiye a can in dawo jibi. Na ce ni ba rediyo na kawo ba, gaisuwar Inna na kawo. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana kallo. Sai ya kira ni da sunan da tun ina yaro ba wanda ya sake kirana da shi, ya rungume ni da hannuwansa masu baƙin mai.

A gida na ga matarsa Memuna, haifaffiyar unguwar Zango ta nan Kumasi, mace mai fara'a da saurin magana. Tana ganina ta ce, "Ga ƙaramin mijina ya zo, yana warin miya." Tana goye da 'yarsu mai sunan Inna, wadda suke kira Ummi. Gidan na mahaifin Memuna ne, Baba Seidu, tsohon soja mutumin Dagwamba da ya yi yaƙin Bama ƙarƙashin Turawan Ingila. Shi ya tsaya wa Yaya bara, ya yi ta zirga-zirga ofis-ofis har aka ba shi takardar zama.

Washegari bayan koko da ƙosai na gane shagon Yaya majalisa ce. Da yake kullum akwai rediyon da ake gwadawa, teloli da direbobi da mahauta nan suke taruwa jin labarai. Maganar da ake ciki a lokacin ita ce sabuwar gwamnatin Ingila na son sayar wa Turawan Afirka ta Kudu makamai, wasu shugabannin Afirka kuma sun ce in aka yi haka za su fice daga ƙungiyar ƙasashen da Ingila ta raina. To, Ghana ta fita ko ta zauna? Majalisa ta rabu biyu. Jagoran masu cewa a fita Yaya ne. Jagoran masu cewa a zauna kuwa surukinsa.

Nan abin dariyar yake. Yaya ba zai iya musu da Baba Seidu ido da ido ba, ko sunansa ba ya kamawa. Da ya same ni sai ya samu hanya. Ya sunkuyar da kai yana juya sukurudireba, ya ce, "Ƙanena, ka tambayi Baba, wanda ya ba maƙiyin ɗan'uwanka bindiga, za ka ci gaba da cin tuwo kwano ɗaya da shi?"

Baba Seidu na zaune kan benci, kafaɗarsa na gogar tawa. Shi ma ya dube ni ya ce, "Ka gaya wa yayanka, in Ghana ya fita, koko namu da ake cakulan da shi wa zai saya? Yara namu da ke karatu can, su dawo? Wanda yake cikin ɗaki shi ake jin maganarsa. Na waje sai ihu."

"Ka ce wa Baba, shekara nawa muna cikin ɗakin, me suka ji?"

"Ka ce masa ni na san Turawan nan, na kwana rami ɗaya da su. Ba su son kunya. Ka zauna gabansu ka kunyata su, ya fi ka tafi su huta."

Haka na yini ina dakon magana tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna. Wani tela ya ce a tambayi Bafaranshe, wato ni. Na ce mu a wajenmu har kuɗin aljihunmu da Faransa aka ɗaure shi, ba a taɓa tambayarmu ko muna so ba. Kowane ɓangare ya ce ai ga shi nan, na goyi bayansa. Da aka kira azahar duk suka tashi tare, Yaya ya riga kowa ɗaukar butar surukinsa.

Sai da na huta, na ga gari, na sha sakwara da miyar gyaɗa har na fara mantawa da tuwon hatsi, sannan na isar da saƙon Inna, da yamma a tsakar gida, gaban kowa. Yaya ya ce takardarsa ta zama ce, bai san ko za ta mayar da shi ba in ya fita. Ya san mutum biyu da suka je gida ta'aziyya, har yau iyalansu na nan su suna can. Shagonsa nan, 'yarsa nan. Kuma uwarsa can. Sai ya tashi ya shiga ɗaki kamar zai ɗauko wani abu.

Na zaci Baba Seidu zai samu abin tsokana, tunda ga mai cewa a fita ya kasa fita. Shi kuwa sai ya ci gaba da jan carbinsa. Memuna ce ta ajiye ludayi ta ce, "Ni fa nan aka haife ni, ba mai hana ni dawowa. Ban taɓa ganin uwar mijina ba, ita ma ba ta ga takwararta ba. Baba, ka bar ni in je."

Tsohon ya dube ta, ya ɗaga murya yadda na cikin ɗaki zai ji. Wannan karon bai bi ta kaina ba. "Idi, matarka zai je. Ni kuma zan koma ofis ɗin nan, sai sun rubuta maka fita da shiga. Kafin babbar salla, in Allah ya so, da ƙafarka za ka gaishe ta."

Mun dawo a motar goro, wadda ta fi ta albasa mutunci. Memuna ta yi ta mamakin yadda itatuwa ke gajarta, ta ce ƙasarmu kamar an yi mata aski. Ni kuwa tun daga Yamai nake tunanin abin da zan gaya wa Inna, don an aike ni ɗauko ɗa, ga ni da suruka.

Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi bayana, ba ta ga Yaya ba, fuskarta ta sauya. Memuna ta durƙusa har ƙasa, ta kwance goyo ta ɗora mata a cinya, ta ce, "Inna, ga takwaranki ya zo." Inna ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta ce, "Ba mace aka ce mini ba?" Na ce mace ce, Hausar can ce haka. Ta yi dariya har da hawaye, kuma hawayen bai tsaya ba bayan dariyar ta ƙare.

Har na baro Kumasi Ghana ba ta fita ba, gardama kuma ba ta mutu ba. Abin da na koyo shi ne, maganar fita tana da sauƙi a bakin wanda ba shi zai ɗaure kaya ba, kuma mutum biyu na iya saɓawa kan makomar ƙasa tun safe har azahar, su tashi ɗaya na riƙe wa ɗaya buta. Inna dai ta sa an ware rago guda a garke, ta ce kada kowa ya taɓa shi, na Idi ne.