Yarinyar da Ban Rubuta Ba

Kallon ne ya fara ɗaukar hankalina. Ina zaune a tsakar wani gida a ƙasar Gwiwa, matar gidan tana sussukar gero, sai ga wata yarinya 'yar kimanin shekara tara ta shigo ɗauke da tulu. Matar ta bi ta da ido har bakin randa, irin kallon da ake yi wa jinjirin watan salla. Da ta ga na lura, sai ta kawar da kai.

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira ce. Na gama makaranta a Kazaure, aka ɗauke ni aikin shiga gidaje tare da wata babbar malamar asibiti, tunda maza ba sa shiga. Mu rubuta yaran gida, mu duba jikinsu, mu faɗi ranar da motar allura za ta zo, mai ciki mu tura ta awo. Ran nan mun raba unguwanni, ni kaɗai ce. A tsakiyar rajistata kullum akwai ɗan littafin soyayya na Turanci da na saya a kasuwa, kuma da idon waɗannan littattafai nake kallon mutane.

Na ce, "Yaya, yaranki nawa?"

Ta ce, "Biyu." Ta nuna na goye da wani mai wasa da ƙasa.

"Wannan mai tulun fa?"

"Ta tsohuwa ce, can gidan baya."

Na rubuta biyu, na duba biyu. Ina haɗa kayana sai ta daka wa yarinyar tsawa: "Ke! Dubi yadda kika ɗaura zane kamar buhun gyaɗa!" Ta fizge mayafin da ke kafaɗar yarinyar, ta juyo da bayanta saitin fuskata, ta riƙe ta a haka. Na ga wani tabo fari-fari kamar tafin hannu. Na gan shi sarai. Amma zuciyata ta riga ta tafi tsara labari: na ce a raina 'yar wani ce da matar ta taɓa so, ya rasu ya bar ta, shi ya sa take kallonta da ƙauna tana yi mata faɗa da baki. Har ƙwalla na yi a mota.

Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka. Wata ranar kasuwa muna ɗakin shan magani a Roni, sai ga matar, ƙafafunta fututu da ƙura, da ƙafa ta zo. Ta durƙusa ta gaishe da babbar malama, ta daɗe tana gaisuwa, sannan ta yi magana kamar da ƙasa take yi:

"Wata yarinya ce a gidanmu. Ta ɗauki tukunya daga wuta, hannun ya tashi, ba ta ji zafi ba."

Malama ta ajiye alƙalami. "'Yar farinki ce?"

Matar ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malama ta juyo kaina. "Kin je gidan nan?"

"Na je, Hajiya. Cewa ta yi biyu."

"To me kike so ta ce? Ke auta ce, an goya ki har ƙafarki na jan ƙasa, ina za ki sani? Tambayi yayarku ta fari ko uwarku ta taɓa kiran sunanta. Baiwar Allah ta tuɓe miki bayan yarinya a gabanki, sai ta haɗa miki da kalangu?"

Na san al'adar, kowa ya san ta. Uwa ba ta ambaton ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Rajista ce ba ta da gurbin kunya, ni kuma ban yi mata ba.

Washegari muka je, ta wurin kakar, tsohuwar gidan baya, muka bi. Malama ta sa yarinyar ta rufe ido, ta shafa mata auduga a kan tabon. Ba ta ji ba. Kuturta ce, kuma ta fara taɓa hannun hagu. Aka sa ta a layin masu karɓar ƙwaya duk mako a gindin wata tsamiya. Shekaru ta yi tana zuwa, kakar ce ke rako ta. Uwar ba ta taɓa zama a layin ba, amma duk ranar magani sai itacen girkinta ya ƙare, a gan ta tana tsintar ƙirare daga nesa da tsamiyar. Tun daga lokacin, kowane gida na shiga sai na tambayi tsofaffi: wa kuke riƙo?

Na yi aure, na bar aikin. Bayan shekaru da yawa na je biki Roni, aka kai ni wurin mai kitson da ake yabo a unguwar. Ina sa kaina a cinyarta na ga ɗan ƙaramin yatsanta na hagu a lanƙwashe, na kusa da shi ma ya ɗan karkace. Sauran takwas ɗin kuwa suna gudu cikin gashina kamar ruwa. Ita ta fara gane ni: yarinyar nan mai tulu ce.

Na daɗe ina kallon yatsun nan biyu, ina lissafin watannin da suka wuce tsakanin zuwana gidansu da zuwan uwarta Roni. Ta ce uwar tana nan da rai, har yau "ke" take ce mata.

Sai na ce, "Yaranki nawa yanzu?"

Ta ce, "Uku." Ta ja wani silin gashi ta kitsa shi har ƙarshe, sannan ta sassauta murya. "Rubuta huɗu, Malama."