Anti Meinir da Kaburburan Kan Tudu

Da zarar ta gama duba tumakinta da safe, sai Anti Meinir Prydderch ta cika gorar shayi, ta kira karenta, ta kama hanyar tudun da ke bayan ƙauyenmu. Can sama, inda babu bishiya sai guntuwar ciyawa da iska, akwai tsibin duwatsu na mutanen da, waɗanda aka binne tun kafin a san ƙarfe a Wales. Tun muna yara muke ganin ta tana hawa. Dutsen da ya gangaro ta mayar da shi, ramin da zomo ya fara ta toshe. Babu wanda ya ɗora mata wannan aiki.

Masu yawon hawan dutse su ne ciwon kanta. In iska ta matsa musu, sai su kwashe duwatsun kabari su jera katanga su fake. Shekaru ta yi tana rushewa suna sake ginawa, kuma duk wanda ta kama yakan sha faɗa.

Maƙwabcinta Dilwyn ne ya ba ni labarin ranar da ta sauya. Sun hau neman tunkiya cikin ruwan sama, sai suka tarar da wani saurayi yana yaye babban tsibin da hannu biyu, matarsa na tsugune tana karkarwa, leɓɓanta sun canza launi. Ya haƙa har ya kai ga falalen dutsen da ke rufe da mamacin, gefen wani tulun ƙasa ya fito fili, ya tsage.

"Na ce yau yaron nan ya shiga uku," in ji Dilwyn. Amma Anti ta tuɓe rigar ruwanta ta lulluɓe tulun, ta miƙa wa matar shayi.

"Sha, 'yata. Kai kuma ajiye dutsen nan a hankali, kan mutum kake tsaye."

Dilwyn ya sauko da baƙin. Ita ta zauna a jiƙe tana gadin wurin har ma'aikatan kayan tarihi suka iso. Ta yi makonni tana tari.

Da ta warke, sai aka gan ta tana tura baro cike da duwatsun tsohon garkenta da ya rushe.

"Meinir, kin haukace? Matattun da ko sunansu ba ki sani ba?"

"Su ma ai wani ya yi musu kuka, Dilwyn. Kuma yaran nan ba mugunta ba ce, sanyi ne. Kawo taraktarka ka daina surutu."

Ya kawo, yana mita. Kafin ƙarshen bazara sun gina mafaka ƙasa kaɗan da kaburburan, bayanta ga iska, da wurin zama a ciki. Tun daga lokacin da wuya a taɓa tsibin. Ciyawa ta dawo ta rufe tabon.

Anti, ke ce kika ji tausayin na kwance ba tare da kin kori na tsaye ba. Ke ce uwar marasa dangi, mai faɗa a baki, zuciya kuwa laushi.

Bana gwiwoyinta sun ƙi. Likita ya hana ta hawa, ta kuwa yi masa tatas kafin ta yarda. Ranar Lahadi a bakin coci na tambaye ta ƙafa, ta ce, "Bar zancen ƙafa. Wa ya hau makon nan?"

Babu kuwa wanda ya hau.

Mun gode, Anti Meinir, a madadinmu da na waɗanda ba su da bakin godiya. Mu kuwa masu sauran ƙafa, tudun nan ba nisa gare shi ba. Mu riƙa hawa, mu duba, sannan a hanyar dawowa mu biya ta gidanta mu faɗa mata yadda muka same su. Tana bakin taga tana jira.