Fuskar da Ta Ƙi Fitowa a Allo

Ko shekara ɗari zan yi a duniya, ranar da kwamfutata ta tashi amma allonta ya ƙi nuna komai ba za ta bar raina ba. A lokacin ina da ɗan shagon ɗaukar hoton fasfo a Potiskum, shekarun nan da gari ya rikice, la'asar na yi kowa ya shige gida saboda dokar hana fita. Don tsoron kada a ƙona shago da kayana a ciki, kullum in zan tashi sai in cusa akwatin kwamfutar a buhu, in ɗora a napep zuwa gida, da safe in dawo da shi. Ni a ganina wayo nake yi.

Ran nan da hantsi wani dattijo Bafulatani mai sayar da shanu ya shigo. Ɗansa direban motar shanu ne, ya tashi zuwa Damagum kwana tara da suka wuce, ba shi ba motar. Washegari dattijon zai bi hanya, asibiti-asibiti, tasha-tasha, amma ba shi da hoton da zai nuna wa mutane. Sai ya tuna ɗan nasa ya taɓa ɗaukar hoton lasisi a wurina.

"Ɗana, in hoton yana cikin na'urarka ka fitar mini," in ji shi. "Bayan wannan ba mu da wani."

Na ce Baffa, ai yanzun nan. Na tada janareta, na haɗa wayoyi, na danna. Fanka ta juya, koriyar fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Masu gyaran da na sani duk sun bar gari, ga layin waya a katse. Ni kuma Allah Ya yi ni da gajen haƙuri, sai na hau marin akwatin, dattijo yana zaune yana kallona.

Ina cikin haka Madam ta leƙo yi mini sallama. Maƙwabciyata ce, Kirista daga Filato, tana koyar da kwamfuta kafin a rufe makarantarsu. Kayanta suna tasha, motar da za ta raba ta da garin tana lodi.

"Oga, me ta yi maka kake dukanta? Zaginka ta yi?"

Gaskiya raina ya sosu, don ban taɓa ɗaukar malamar aji a mai gyara ba. Amma da ta ji labarin dattijon sai ta ajiye jakarta. Ta zare wayar allon daga akwatin, nan take wani ɗan rubutu ya fito yana yawo. Ta ce to, allo lafiyarsa ƙalau. Ta duba haƙoran wayar ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya lanƙwashe. Sannan ta sa na rufe ƙofa don rage ƙarar janareta, ta kara kunnenta a jikin akwatin ta kunna. Sai ga wani ɗan siririn kuka, tiii, tiii, wanda hayaniyata ta hana ni ji tun ɗazu.

"Ka ji? Tana faɗa maka ciwonta. Kana yawo da ita ne?"

Na faɗa mata zancen buhu da napep. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ko mutum aka dinga jijjigawa a ramukan titin nan, sai wani abu nasa ya goce. Ta cire wuta, ta kwance murfin, ta zaro wani siririn koren falle da ta kira ram. Ta goge bakinsa da robar goge fensir, ta mayar, ta kunna. Allo bai ko motsa ba.

Daidai nan ɗan kamasho ya zo da gudu, wai mota ta cika, ita kaɗai ake jira. Ta dubi ƙofa, ta dubi dattijon.

"Sauke kayana, su tafi," ta ce. "Baba, kada ka damu."

Ta sake zaro fallen, ta sa shi a gurbi na biyu, ta danna da manyan yatsunta har ya ce ƙas. Ta kunna. Kuka ɗaya gajere, allo ya haska. Na bi hotuna har muka iso kan wani saurayi mai farar hula. Dattijo ya miƙe, ya ɗora tafinsa a kan allon, ya ce, "Shi ne." Ni da ba na kuka, ranar na yi.

Na buga masa guda goma. Madam kuwa ta ƙara kwana a garin da take gudu, washegari ta tafi, ban sake ganinta ba.

Ba a taɓa samun direban ba. Amma matarsa ta haifi 'ya mace bayan wata uku, kuma da wannan hoton yarinyar ta san fuskar ubanta. Tun ranar, in abu ya ƙi ni, nakan yi shiru in saurara kafin in ɗaga hannu. Na kuma daina auna mutum da ido, domin wadda na raina ce ta bar motarta ta tafi saboda ɗan wani da ba ta taɓa gani ba.