Muryar Tsohuwa a Bayan Kasuwar Kafanchan

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana Bulus, Baban Ladi. Mutanen unguwar reluwe za su tuna shi, mutumin da ya cika bayan gidansa da tsofaffin injuna har kaji suka rasa wurin kiwo. Wani daga ramin kuza ya ɗauko shi, wani a gonar mishan ya tsince shi cikin ciyawa. Yakan goge ɗan farantin tagullar da ke jikin kowane ya karanta inda aka ƙera shi. Ni ba ruwana da faranti, da kunne na san su. Ina tuƙa tuwo zan ce, "Baban Ladi, wannan injin garin Madakiya ne ka tayar," sai ya yi dariya.

Wanda ya fi so shi ne injin da ya raɗa wa suna Tsohuwa, mai manyan wili biyu da tukunyar ruwa a ka. Takan buga sau ɗaya, ta ja numfashi uku, ta yi ɗan tari, ta sake bugawa. A gadon ciwo, gaban dattawan ikilisiya, ya ce Tsohuwa ta Ladi ce, 'yarmu, ta yi niƙa da ita ta riƙe kanta.

Ba a gama zaman makoki ba ƙaninsa Ishaya ya zo da mota ya kwashe komai. Ya ce ruɓaɓɓen ƙarfe ne, ya sayar wa maƙera. Ladi ta girma tana dakan hatsin mutane da hannu.

Bara sai ga Ishaya ya buɗe wurin niƙa a bayan kasuwa, wai sabon inji ya sayo daga Jos. Da safe ina shanya citta na ji bugu ɗaya, numfashi uku, tari. Tabarmar ta faɗi daga hannuna. Na je na tarar an shafe ta da jan fenti, an ɓamɓare farantin.

Na ce, "Ishaya, wannan ai Tsohuwa ce."

Ya ce, "Haba matanmu, inji duka ba ɗaya ba ne? Nuna mini sunan yaya a jikinta."

Dattawa suka ce kunne ba shaida ba ne, in yi haƙuri, Ubangiji yana gani. To, yana gani, ni kuma ina ji.

Abin da nake ji tun damina shi ne wani ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin bugun. Bulus yana da gashin kaza da yake share wata 'yar kafar mai da shi kowace Asabar, yana cewa ranar da ta toshe ƙarfe zai fara cin ƙarfe. Fentin da Ishaya ya ɓoye satarsa da shi ya rufe kafar. Makanikai biyu sun duba, ba su gan ta ba.

Ranar Lahadi bayan sujada ya tare ni. "Matanmu, ke da kika zauna da yaya, ba ki san abin da ke damun injin nan ba?"

Na ce, "Wane inji? Na Jos? Ina na san injin Jos?"

Na san da Bulus yana nan da ba zai iya ƙyale ta haka ba. Da ya ɗauki gashin kazarsa ya tafi, don shi ba ya jure kukan inji ko na maƙiyinsa ne. Fasto ma ya yi mini wa'azin gafara. Na ce Ishaya ya tsaya gaban ikilisiya ya kira ta da sunanta, ya mayar wa Ladi, a ranar zan nuna kafar. Har yau bai yi ba.

Ba mu da hoton Bulus ko ɗaya. Abin da ya rage mini nasa shi ne wannan bugun da ke shigo mini ta taga kowace safiya, kuma kullum ƙwas-ƙwas ɗin ƙaruwa yake. Ba za ta kai Kirsimeti ba. Ranar da ta yi shiru zan rufe ƙofa in yi kukan mijina karo na biyu. In na gama, in ɗaura zanen zumuntar matan coci in je in yi wa Ishaya jaje.