Ranar da Tarwaɗa ta Ja Jirgin Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekara tara yana bin ayarin fatake zuwa ƙasar Nufe. Da ya dawo Ƙarfi bai zo da wata dukiyar kirki ba, sai jaki biyu da ciwon baya da labarin ruwa. Wannan tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan ne, lokacin ina da shekara kamar talatin, da matata da 'ya'ya biyu da gona a kudu da ganuwa. Duk inda Kawu ya zauna sai ya jawo zancen babban kogin da ya gani, wanda ba a hango ɗaya gaɓar, da mutanen da suke kwana suna tashi a cikin jirgi. Mukan saurare shi ne don girmansa.

Wata damina iska ta kayar da wani tsohon maɗaci a bakin gulbi. Kawu ya je ya roƙi mai gari a bar masa shi, ya aro gizago wurin masassaƙi, ya ce jirgi zai yi. Gulbinmu kuwa da rani yashi ne zalla, sai an tona ake samun ruwan sha. Gurbi ɗaya ne ba ya ƙafewa, can ƙasa inda duwatsu suka tare ruwan. Tsawonsa ya kai jifa uku, faɗinsa jifa ɗaya, tsakiyarsa kuma ba wanda ya san zurfinta. Wata uku Kawu yana sara yana rarakewa, masu wucewa suna yi masa sannu da aiki, in sun ba da baya su yi dariya. Ni ma na yi tawa, amma a gida.

Shekarar ta zo da sauƙi. Maraɗawa ba su leƙo mu da hari ba, dawa ta yi kyau, aka cika rumbuna, mutane suka sami zama. Kawu ya aiko mini cewa ranar Talata da hantsi za a gwada jirgi, in zo da fatsa, in kuma taho da maƙwabcina.

Maƙwabcin nan Bamaguje ne, gonarsa tana iyaka da tawa. Mutanensu sun naɗa shi Sarkin Noma tun shekarar da ya ɗaure dami dubu, kuma da wannan sarauta kowa ke kiransa. Ƙato ne, in ya ɗaga garma sai ka ce ludayi ya riƙe. Yakan kira ni Malam, ko da yake karatuna bai wuce abin yin salla ba, yakan kuma ce wa Kawu Madugu, alhali Kawu bai taɓa jan ayari ba. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, shi ne ruwa. In gulbi ya kawo, ko ana rabon shanu a ƙetare ba ya zuwa.

Na same shi a bakin gurbi ya riga ni, yana zaune a kan dutse rungume da tulu, an toshe bakinsa da ganye. Ban tambaya ba, warin ya gaya mini. Giyar dawa ce da uwargidansa ta dafa, ta kwana uku. Kawu ya ɓata fuska ya ce ba a shiga masa jirgi da wannan abu. Sarkin Noma ya ce to shi ke nan, shi da tulun za su zauna a kan dutse su yi kallo, don ƙafarsa ba za ta taka itacen da ke yawo a kan ruwa ba sai da abin da zai riƙe masa zuciya. Kawu ya dubi jirgin, ya dubi tulun, sannan ya ce a gaskiya jirgi yana son nauyi a tsakiya don kada ya yi rawa. Aka ajiye tulu a tsakiya a kan gammo.

Muka shiga. Ina gaba da fatsa da ƙoƙon tana, Sarkin Noma a tsakiya ya riƙe gefe da gefe har jijiyoyin hannunsa sun tashi, Kawu a baya yana tsaye da doguwar gwangwala yana tokarar ƙasa. Jirgin ya ɗan karkata hagu, amma bai yi yoyo ba. Da muka rabu da gaɓa na ji wani abu da ban taɓa ji ba: ƙasa ta sake ni, ina tafiya ba da ƙafa ba kuma ba a kan jaki ba. Ruwan yana lasar itace a hankali. Balbelu sun jeru a kan duwatsu, mata suna wanki can nesa, sun tsaya da hannu a ƙugu suna kallonmu. Na waiwaya na ga fuskar Kawu, na daina ganin wautar aikinsa.

Kifi dai ya ƙi ci. Muka kai rana tsaka ban kama ko ɗan karfasa ba. Sarkin Noma ya ce laifinmu ne, mun shigo gidan mutane ba sallama. Ya buɗe tulu ya cika ƙoƙo, ya tsiyaya kaɗan a ruwa yana magana ƙasa-ƙasa da masu gurbin, sauran kuma ya ɗaga kai ya shanye. Na yi a'uzu a zuciyata. Ba a jima ba igiyata ta motsa, na fizgo ƙurungu mai kyau. Sarkin Noma ya dube ni ya ƙara ƙoƙo na biyu.

Kawu ne ya fara karaya. Ya ce masu jirgin Nufe duk bammi suke sha, kuma wani mai magani a can ya taɓa gaya masa ɗan kaɗan yana sassauta ciwon baya. Ya karɓi ƙoƙon ya juya mini baya, kamar in ban ga bakinsa ba ban ga komai ba. Ni furata ce a gora, amma rana ta riga ta tsamar da ita. Ba zan ɗora wa fura laifi ba. Na ga suna dariya ne ni ina zaune kamar baƙo, sai na miƙa hannu.

"Malam, ka tabbata?" in ji Sarkin Noma. "Kada gobe ka ce Arne ya yaudare ka."

Na ce masa ya zuba, ni da kaina na roƙa.

Ɗumi gare ta, da tsami, da ɗan kauri kamar kunun da aka manta da shi. Ƙoƙon farko da ƙyar na haɗiye. Na biyu ya wuce ba gardama. A na uku na ga duniya ta yi kyau ƙwarai, na tuna ina son kowa, har da surukina. Sarkin Noma ya saki gefen jirgi ya soma waƙar noma irin tasu yana kiɗa a cikin tulu da tafin hannu, muna amsawa. Kawu ya ba mu labarin dorinar da ta bi jirginsu, wanda na ji sau ashirin, amma ran nan dorinar ta zama uku.

Cikin labarin ne ya kafa gwangwala a laka don ya nuna mana faɗin bakin dorina da hannu biyu. Jirgi ya ci gaba da tafiya, gwangwala ta tsaya a inda take. Muka bi ta da kallo tana nisa, wani ɗan tsuntsu ya zo ya sauka a kanta. Ba wanda ya damu. Muka yi dariya har na kwanta a kan ƙurunguna. Kawu ya ce ba komai, ai akwai ƙoƙo, da shi za mu tuƙa in mun tashi komawa.

Iska ta tura mu tsakiyar gurbi, inda ruwan ya yi baƙi. Na ɗaure igiyar fatsa a hancin jirgi don hannuna ya huta. Can sai igiyar ta miƙe tsam, hancin jirgi ya sunkuya, muka soma tafiya. Na ɗauka giya ce take yi mini wasa, sai na ga duwatsu suna wucewa da gaske. Wani abu a ƙarƙashin ruwa yana jan mu. Ya kai mu gabas, ya juyo da mu yamma, ya zagaya da mu sau biyu. Matan nan suka bar wanki suka biyo gaɓa suna guɗa. Wani Bafulatani da ya kawo shanunsa shan ruwa ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya rataya hannu a sanda, yana kallon ikon Allah. Da abin ya taso sama sau ɗaya muka ga kansa, faffaɗa kamar faifai, da gashin baki. Tarwaɗa ce, ban taɓa ganin irinta ba.

Sai tsoron ruwa ya bar Sarkin Noma gaba ɗaya, kuma wannan ne ya kashe mu. Ya ce kifi ba zai ja Sarkin Noma kamar akuya ba. Ya miƙe tsaye, ya tako gaba zai kama igiya. Kawu ya ce masa ya zauna, amma kafin ya rufe baki sama ta koma ƙasa.

Sanyin ruwan ya wanke mini kai nan take. Na iya iyo kaɗan irin na yaran bakin gulbi, na taso na kama jirgin da ya kife. Kawu ma ya kama ɗaya gefen yana tari. Sarkin Noma ne babu. Na ga hannunsa ya fito ya koma, na saki jirgi na nufe shi. Da na isa ya damƙe wuyana, muka nutse tare. Na sha ruwa, na ga duhu, na tuna ban yi azahar ba, kuma da abin da ke cikina zan tsaya gaban Ubangiji. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Na tokare shi da gwiwa na ƙwace na taso.

Bafulatanin nan ne ya cece mu. Bai yi ihu ba, bai kuma shigo da kansa ba. Ya yi wa wani farin bijimi magana da Fulatanci, ya ɗan taɓa shi da sanda, bijimin ya faɗo ruwa ya yi iyo ya nufo mu, hanci a sama. Da ya zo daidai mu sai mutumin ya yi wani fito, bijimin ya juya.

"Kaɗo, kama wutsiya," in ji shi, kamar mai cewa a miƙo masa ƙwarya.

Sarkin Noma ya taso karo na uku, na cafko hannunsa na ɗora a kan wutsiyar. Abin da wannan hannu ya riƙe kuwa ba ya saki. Haka bijimi ya ja shi har gaɓa, a kan ciki, ya bar shi cikin laka a gaban matan gari. Ya yi ta aman ruwa da giya. Da ya samu numfashi, abin da ya fara tambaya shi ne ko kifin yana nan.

Yana nan. Igiyar ba ta tsinke ba, tarwaɗar kuma ta gaji da jan jirgin da ya kife. Ni da Kawu muka turo jirgin da iyo har inda ƙafa ke taɓa ƙasa, muka jawo ta mu uku. Da aka shimfiɗe ta, ta kai daga ƙasa zuwa ƙirjina. Tulu ya tafi, ƙurunguna ya tafi, hular Kawu ma ba a sake ganinta ba.

Muka ce Bafulatani ya zaɓi inda yake so a jikin kifin. Ya toshe hanci ya ce su ba sa cin wannan. Sarkin Noma ya rantse sai ya karɓi wani abu, ko tunkiya ko dawa. Mutumin ya yi tunani ya ce in da hali a bar shanunsa su ci karan gonar. Tun daga ranar, kowace kaka shanunsa a gonar Sarkin Noma suke sauka, su ci kara su bar taki, har 'ya'yansu suka gaji abin.

Da la'asar na shiga gida da kasona a kai, rigata tana ɗiga. Labari ya riga ni, matan wanki sun kai shi kowane zaure. Matata ta karɓi kifin ta yi mini sannu, ta matso kamar za ta karɓi rigar, ta shinshina, ta ja da baya. Ta kawo mini ruwa a buta da asawaki sabo, ta ajiye, ta koma wajen murhu. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Washegari da safe, kaina kamar ana daka a ciki, na ɗauki tsakiyar kifin da aka soya a akushi na tafi wurin limamin unguwarmu, wani tsoho mai sanyin magana wanda ya raɗa wa 'ya'yana suna. Na gaya masa komai ban rage ba, har adadin ƙoƙon. Ya saurara yana jan tasbaha. Ya ce abin da na yi babban laifi ne, kuma na gani da idona inda yake kai mutum. Ya ce in yi wanka, in rama sallolina, in tuba tsakanina da Allah, kada in koma. Na yi alkawari, kuma ban sake kai giya bakina ba har yau. Kawu ma ya zo ya yi nasa tuban bayan kwana biyu, ko da yake shi ya tsaya a kan cewa bayansa ya yi sauƙi.

Na tashi zan tafi, liman ya buɗe akushin ya duba, ya gutsuri kaɗan ya tauna a hankali. Ya kira ni na dawo na durƙusa.

"Ɗana," ya ce, "da gaske ne wai sau biyu ta zagaya da ku?"

Na ce sau biyu ne, Allah gafarta Malam, har da ɗan ƙari. Ya gyara zama ya ce in faro masa daga inda igiyar ta miƙe, kuma kada in yi sauri.